Kafin Injin Ya Zauna

Lahadi 6 ga Afrilu, da hantsi

Na janyo babur ɗin Baba daga bayan rumbu. Tun shekarun da aka hana hawa babur a jihar nan yake kwance a ƙarƙashin tamfol, da aka ɗage dokar ma sau ɗaya na tayar da shi na zaga unguwa na mayar. Irin na da ne, mai salansa biyu da doguwar kujera mai faɗi, ga nauyin tsiya. Kaji har sun mai da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Matata Suwaibatu ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta ce yau kuma da wa za a yi dambe, da ita ko da babur. Na ci gaba da kakkaɓe masa ƙura.

Ƙanina Bilya yana kwance a bukkar lambun goggonmu Hajja Mairam, can bayan Katuzu inda mota ba ta shiga. Haƙarƙarinsa na hagu sun karye, ga sara a ƙasan kafaɗa. Abin da ya faru ranar Alhamis a bakin magudanar ruwa ba zan rubuta shi ba. Ban ga farkonsa ba, kuma kowa da nasa labarin. Abin da na sani shi ne an kai Usama, wanda ya mutu a rigimar, makwancinsa ranar Juma'a, kuma wansa Rabe ya rantse a gaban jama'a cewa ko a gadon asibiti ya iske Bilya sai ya ƙarasa shi. Mutanensa na zaune a tasha, suna zaune a bakin titin Nguru, suna zaune a ƙofar asibiti suna shan shayi.

Dole in kai shi Nguru wurin yayarmu Zahra, mijinta Zarami ma'aikacin jinya ne. Hanya ɗaya ta rage, ta cikin fadama, a bi gefen lambuna da yashi har a ɓulla titi can gaba da Jajimaji. Babu mai ba ni aron babur. An riga an gaya wa 'yan acaɓa duk wanda ya ɗauki Bilya za a ƙone masa abin hawa. Ban ga laifinsu ba. Ƙarya nake yi, na ga laifinsu, faɗa ne ban yi ba.

Lahadi, bayan la'asar

Babur ya tashi. Na wanke kafireto, na canza fulogi, na zuba sabon mai, na yi ta bugu har ƙafata ta gaji, sannan ya yi tari ya kama. Amma rawa yake yi kamar mai masassara. Ba a ganin komai a madubi, hannuwana suka mutu kafin in kai ƙarshen layinmu, haƙorana na karo da juna. Na ce ba komai, ai ba biki za mu ba. Ni da nake gyaran injin ban-ruwa tun ina saurayi, na ji wannan rawar da jikina na ce ba komai.

Litinin 7, bayan azahar

Mun gwada. Ina idar da sallar asuba na bi ta bayan gari na isa lambu. Hajja ta ɗaure min Bilya a baya da zannuwanta, tana ɗaurewa tana yi masa addu'a tana zagina wai na cika gaggawa. Na rage iskar taya saboda yashi. Ramuka ba su ne damuwar ba, waɗannan ina ganinsu ina kaucewa. Rawar injin ce, wadda ba ta hutawa, tana bi ta kujera tana shiga ƙashinsa. Ko ƙarshen albasar Hajja ba mu kai ba ya fara wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Sai na ji ɗumi na bin wuyana. Jini ne ya amayo min.

Na kashe injin. Bakinsa a kunnena ya ce, “Yaya, sauke ni. Gara Rabe.”

Da hannu muka mayar da shi bukka, ni da Hajja, tsohuwa tana nishi. Mai kemis ɗin da ke zuwa yi masa allura a ɓoye ya ce idan aka sake girgiza shi haka ƙashi zai huda huhu, in ma bai riga ya huda ba. Ya ce asibiti ya kamata a ce yana ciki tuntuni. Na tambaye shi ko zai ɗauke shi a ka ne ya kai. Bai kamata in yi masa tsawa ba, shi kaɗai ke zuwa.

Talata 8, da hantsi

Na kwanta a ƙarƙashin babur ɗin da tocila. Wuri huɗu injin ya kama jikin firam: biyu a ƙasa ta baya, ɗaya a gaba, ɗaya a sama wajen kan inji. Kowanne da kunnuwan ƙarfe, dogon noti ya ratsa su, da roba a tsakani. Robobin sun mutu da zama. Na taɓa ɗaya da sukudireba ta marmashe kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Notin gaba kuwa da yatsa ma juyawa yake.

Na ɗauko babbar sifana na ɗaure su duka. Na ɗaure, na zura bututu a kan sifanar na ƙara ɗaurewa, ina ganin fuskar Rabe a kan kowane noti. Na tayar. Rawar ta ƙaru, ta haura hannu da tanki. Na koma wa na baya na taka bututun da ƙafa da dukkan nauyina, sai ji na yi ƙas, ya tsinke a ciki. Sifanar ta kufce ta fasa min ƙwauri. Na zauna a ƙasa ina zagin wanda ya ƙera notin da wanda ya sayar da shi, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta koma.

Talata, bayan magariba

Ban ci abinci ba. Guntun notin na nan a ciki.

Laraba 9, bayan la'asar

Mutanen Rabe sun tare Ajimi direban a-kori-kura a bakin titi. Wani ne ya ce an ga ya ɗauko mutum a kwance daga Katuzu. Buhunan barkono ne. Suka farfasa gilashin gaba, suka janyo shi ta taga, suka yi ta dukansa da gora har ya daina kare kansa. Sannan suka bi buhunan da wuƙa suna farkewa, barkono ya watsu a kwalta, masu duka da masu kallo kowa na atishawa. Na isa wurin ana ɗaukarsa. Hannunsa na dama na lilo ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Ajimi ko gaisawa ba ya yi da Bilya.

Masu kaki sun zo sun tafi da mutum biyu. Kafin magariba wasu biyun sun zauna a kan bencin da suke gadi a bakin hanyar Katuzu. Dattawa sun ce za a zauna sulhu bayan sadakar bakwai. Hajja ta aiko a gaya min jikin Bilya da zafi.

Alhamis 10, bayan azahar

Na tura babur wurin Madu mai walda ya ciro min guntun notin. Ya yi 'yan dabarunsa, ya ciro. Sannan ya zagaya babur ɗin yana shafa gemu, ya ce me zai sa in wahalar da kaina neman roba, abin da ke rawa ai walda ake yi masa, a haɗe kunnuwan da firam su zama abu ɗaya ya ga ta inda zai motsa. Madu ko haƙorinka ne ke girgiza walda zai ce a yi masa. Haka muke a Gashuwa. Ƙofa, amalanke, gadon ƙarfe, kujerar mai shayi, duk abin da ya yi motsi sai a kai wa Madu ya ƙone shi ya tsaya cak. Na san inji ba ƙofa ba ne. Amma ina sauri, kuma maganar ta yi min daɗi a kunne, na ce ya yi.

Bai tambaye ni inda za ni ba. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce in gai da mai jiki. Na fizge hannuna kamar ban gane ba.

Juma'a 11, bayan an sauko daga masallaci

Yanzu ba injin ke rawa ba, babur ɗin ne gaba ɗaya. Na kafe shi a kan ƙafarsa na tayar, ya fara tafiya da kansa a tsakar gida yana ja da baya. Notin lamba ya kwance ya faɗi. Kafin in kashe, ɗinkin tanki ya tsage ta ƙasa, fetur na ɗiga a kan inji mai zafi.

Ban san lokacin da na ɗauki guduma ba. Na fasa fitilar gaba, na lotsa madgadi, na bugi madubin da Baba yake gyara hula a ciki har ya tashi sama. Suwaibatu ta riƙe ni ta baya, na juyo da gudumar a sama. Ba ta matsa ba. Ta dube ni ta ce, “Baban Radiyya, ni ce fa.” Na jefar da gudumar ta sami randa. Ruwa ya bi tsakar gida ya haɗu da fetur.

Ina jin kunyarta, kuma har yanzu zuciyata ba ta sauka ba.

Juma'a, gab da magariba

Sulhun ya watse. An ce tun ba a gama addu'ar buɗewa ba wani ya ambaci magudanar ruwa, aka tashi da kujeru. Wani dattijo da ya shiga tsakani an fasa masa goshi.

Asabar 12, da hantsi

Sun zo shagona, su uku, ba Rabe a ciki. Na san dogon, ni na gyara wa ubansa inji bara. Suka ce ina Bilya. Na ce ya tafi Legas, ya tafi Makka, ya tafi gidan uban wanda ya aiko su. Na ƙarshen ne ya jawo min. Gorar farko a baki ta same ni, na ji haƙori ya bi miyau. Na laluba na sami sifana na kai wa dogon a gwiwa, ya zube yana kiran uwarsa. Sauran suka haɗu a kaina, suka danna fuskata a kaskon baƙin mai suna shurina a ciki. Maƙwabta ne suka raba mu. Kafin su fita suka kifar da injinan mutane, suka ɗebo yashi suka zuba a wanda na buɗe.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, da na ji ƙarar sifana a gwiwar nan daɗi na ji. Na so in ƙara.

Asabar, bayan isha'i

Leɓena ya kumbura, shayi ma da gefen baki. Babur na jingine, ban kalle shi ba.

Lahadi 13, bayan la'asar

Da ƙafa na je lambu, na yi zagaye ta wajen masunta don kada a bi ni. An ƙone injinan ban-ruwa a fadama, na ɓangarenmu da na ɓangarensu, ba a san wa ya fara ba. Tumatir ya kwanta, albasa ta yi ja. Ƙaurin roba ko'ina.

Bukkar na wari. Hajja na yi masa fifita da hannu ɗaya tana korar ƙuda da ɗayan. Ya rame har idanunsa sun faɗa, numfashi yake ja guntu-guntu. Ya ga bakina ya yi ƙoƙarin dariya, ya ce wa ya yi min kwalliya haka. Sannan ya tambaya ko an shayar da barkononsa. Na ce an shayar. Babu barkono, babu inji. Ya fara cewa wani abu game da ranar Alhamis, na ce ya yi shiru ya tanadi numfashinsa. Ba don numfashin ba ne. Ba na son in ji.

Hajja ta biyo ni waje ta ce in bar shirmen babur in kira hukuma su ɗauke shi, ko da ankwa ne ai yana asibiti. Daga ciki ya ce shi ba za a ratsa da shi ta tasha ba. Ta ce mu biyun taurin kan ubanmu muka gada, shi ma da wannan ƙarfen ya ishi mutane.

A hanyar dawowa na tsaya wurin injin Hajja, shi kaɗai ya tsira don yana cikin duhuwar mangwaro. Yana aiki, yana zaune a kan tsohuwar taya yadda na ɗora shi da hannuna. Ni ne fa mai yi wa manoma faɗa kullum kada su kafe inji a kan abu mai tauri, zai tsattsage kansa. Na dafa ƙasa kusa da shi, shiru. Na dafa injin, yana ta rawarsa. Taya ce ke shanyewa. Na tsaya a wurin ina jin kamar in mari kaina, sai na mara.

Litinin 14, gab da magariba

Na mayar wa Madu na ce ya yanke abin da ya ƙona. Ya ce ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Na ce yau an fara. Muka yi ta cacar baki har na ɗauki giranda da kaina, ya karɓe ya ce in matsa kafin in yanke firam. Wuni ya yi yana cin waldar a hankali, wuta na ɗaukewa tana dawowa, ni ina safa da marwa a ƙofar shago kamar wanda matarsa ke naƙuda. Ya toshe tankin. Kunne ɗaya ya lalace, ya ƙera wani daga ƙarfen sifirin mota. Da ya gama ya ƙi kallona, ya ce wallahi da kyakkyawar niyya ya yi. Na sani. Ni ne mai gyaran inji, ba shi ba.

Mako guda ya tafi a banza, Bilya na can yana jan numfashi.

Talata 15, Nguru, gidan Zahra, bayan la'asar

Na shigo motar haya da safe. A tasha mutanen Rabe suka sauke mu suka leƙa ƙarƙashin kujeru, ɗaya ya ɗaga min riga da bakin gora, wai ko a ciki na ɓoye shi. Na haɗiye. Ban san ina da maƙogwaron haɗiye irin wannan ba.

Na zaga 'yan kayan babur kaf, babu mai robar irin nawa, wani ma dariya ya yi ya ce in nema a gidan tarihi. Sai a wurin masu kayan manyan motoci na sami robar sifirin mai kauri, wadda in ka danna da babban yatsa take ɗan shiga ta dawo. Na haɗo da sababbin dogayen notuna da wosha cike da hannu.

Zahra ta ga bakina ta zauna a ƙasa. Ta ce yaron nan yana can yana ruɓewa a bukka ni ina nan ina wasa da ƙarfe. Ta tashi ta dunƙule hannu ta yi ta dukan ƙirjina, na bar ta har ta gaji ta jingina da ni. Zarami ya ce zai samo mota ya jira mu a gindin tsamiyar da ke gaba da Jajimaji, amma ba zai matso gaba da nan ba, shi ma yana da 'ya'ya. Mun tsayar da Juma'a, lokacin da kowa ke masallaci.

Laraba 16, bayan la'asar

Yau ban yi fushi ba, ba ni da lokacinsa.

Na tokare injin da guntun itace daga ƙasa, na kwance notunan duka har ya zama itacen ne ke riƙe da shi. Na yanka robobin da wuƙar Suwaibatu ina jiƙa ta da ruwan sabulu, na huda tsakiyarsu da bututu mai kaifi. Da na zo mazaunin baya na ga abin da ya tsinke min noti. Akwai rata tsakanin kunne da inji, ta kai kaurin ƙaramin yatsa. Wani abu ya taɓa zama a wurin ya faɗi tun zamanin Baba. Ashe duk ɗaurin da nake yi firam nake janyowa yana lanƙwasowa, injin kuma na zaune a karkace. Na cike ratar da wosha har noti ya ratsa da turin hannu, ba da guduma ba.

Na ɗaura su da yatsa kawai, na tayar, na bar shi a sulo ya yi ta motsi har ya nemi wurin zamansa da kansa. Sannan na fara ɗaurewa kaɗan-kaɗan, na baya na hagu, na baya na dama, na gaba, in zagayo, na sama a ƙarshe. Suwaibatu ce ta kawo dabara, ta ɗora kofin shayi da ruwa rabi a kan tanki ta tsuguna tana kallo. Da farko ruwan tsalle yake yana fantsama. Ina ɗaurewa tana faɗa min, ya ragu, ya ƙaru, koma baya. Na gano in na matse robar har ta kumburo ta gefe, rawar dawowa take yi. Sai a ɗan sassauta.

Ba mu yi maganar guduma ba. Akwai sabuwar randa a gindin bango, ban tambaya ba.

Laraba, bayan magariba

Saura na gaba, in na ja wuta rawar na dawowa a hannu. Hajja ta aiko: Bilya ya daina shan kunu.

Alhamis 17, bayan la'asar

Injin ya zauna. Na ƙara wosha ɗaya a gaba, na sassauta na sama, ruwan kofin ya koma 'yar rawa a fuska kawai ko da na ja wuta. Na hau na zaga unguwa, tafin hannuna bai mutu ba.

Ina dawowa na tarar da Rabe a ƙofar gidana, shi kaɗai. Ajinmu ɗaya a firamare, benci ɗaya. Shi ma ya rame, idonsa ja. Na sauka na riƙe sifana a bayan cinya, ya gani. Ya dafa tankin, injin na aiki, ya daɗe yana saurare.

Ya ce, “Ka iya aiki, Muktar.”

Na tambaye shi abin da ya kawo shi.

Ya ce, “Ni na wanke Usama. Sai da na ɗaure kansa da rawani kafin a iya sa masa likkafani. Na san ƙaninka ne. Ni ma nawa ne.”

Ya zaro wuƙa, na ɗaga sifana. Ya caka ta a kujerar baya ya ja har ƙarshe, soso ya fito. Ya mayar da ita kube ya tafi, ko sauri ba ya yi. Da ya juya ga ƙeyarsa nan a buɗe, kusa da ni, hannuna har ya tashi. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne, Allah ya yafe min. Tunawa na yi in na buge shi babu mai tuƙa babur gobe.

Suwaibatu ta ɗinke kujerar da zaren buhu, ta ɗora filo ta ɗaure.

Juma'a 18, da hantsi

Na cika tanki. Na sake bin notunan da hannu. Yau ba zan je masallaci ba.

Asabar 19, Nguru, bayan azahar

Ana kiran salla na bar gida ta bayan gari. Bencin bakin hanyar Katuzu babu kowa sai butar shayi. Hajja ta riga ta shirya shi, ta sa masa rigarsa ta salla. Babu nauyi, ni kaɗai na ɗaga shi. Ta ɗaure mu ta tofa mana addu'a, wannan karon ba ta zagi kowa ba.

Na tayar ina jiran kukan. Bai yi ba. Muka wuce albasa, muka wuce mangwaro, muka wuce injinan da aka ƙone. Ya kwantar da kansa a kafaɗata ya ce, “Yaya, kamar kwalekwale.” Na ce ya yi shiru ya riƙe ni. Ina dariya ina hawaye, rana na dukanmu.

A wajen wata mashaya mutum biyu suka taso daga gindin bishiya, ashe ba kowa ne ya tafi masallaci ba. Ɗaya ya jefo gora ta sami cinyata, ɗaya ya biyo mu a guje da adda yana kiran sunan Bilya. Na ja wuta a cikin yashi, babur ɗin Baba ya yi gurnani ya tafi, bai girgiza ba. Dutse ya sami madgadin baya. Daga nan ban ƙara ganin kowa ba sai shanu.

Akwai abin da ban yi tunaninsa ba. Da injin ya daina rawa, komai na jikinsa nake ji a bayana. Ƙirjinsa na manne da ni, ina jin numfashinsa na shiga yana fita, ina jin inda yake sarƙewa, ina jin zuciyarsa tana bugawa da sauri kamar ta ɗan tsako. Na yi ta yi masa magana. Na ce saura kaɗan, na ce Zahra ta dama masa fura, na ce bana ni zan saya masa sabon inji, na yi masa ƙarya iri-iri. Da hannu yake amsawa, yana ɗan matse rigata.

Muka fito daga cikin goruba, kwalta na ƙyalli a gaba, har na hango tsamiyar da farar mota a gindinta. A nan ya ja numfashi ɗaya dogo, na ji ƙirjinsa ya buɗe a bayana. Na jira ya sake shi. Hannunsa ya bar rigata.

Ban tsaya ba. Na ja wuta har ƙarshe, ina so injin ya yi rawa, ya girgiza ni, ya ruɗa ni in ce ban ji daidai ba. Na yi ta murɗawa ina zagin injin. Ya tafi sumul, bayana shiru.

Jiya bayan la'asar aka yi masa sutura a nan Nguru. Hajja ba ta samu zuwa ba. Zahra ba ta yi min magana ba tukuna, ta dai aiko min da ruwan wanka. Ina son ƙanina, kuma ban taɓa gaya masa ba, mu ba ma faɗin irin wannan. Kukan ya ƙi zuwa.

Da muke dawowa daga maƙabarta Zarami ya ce da ya kwance zannuwan akwai sauran ɗumi a jikinsa. Ya tambaye ni ko na san lokacin da ya cika. Na ce na sani.